Muƙamuƙin Saniya a Wuyanmu

Har gobe ba na iya ratsa layin masu kan saniya a kasuwa ban toshe hanci ba. Masu ganina su ɗauka yanga ce. Wallahi ba yanga ba ce. Warin ƙashin da ruwa ya jiƙa, wanda ragowar nama ta ruɓe a tsakanin haƙoransa, shi ne warin darasin Turanci a wurina. Da na shaƙe shi sai in tsinci kaina a wata 'yar makarantar kuɗi ta unguwar Laranto a Jos, da damina, farkon shekarun dubu biyu, ina rawar sanyi cikin suwaita.

Malamin Turancinmu, Ankul muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malami namiji a irin makarantun nan. Ba abin da ya ɗauka da zafi kamar ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla. Kullum da safe sai mun jeru a fili mun rera: in the morning, on Monday, at home. Mu juyo: afraid of, good at, listen to, wait for. Yakan ce su ne ƙusoshin magana, in ka zare ɗaya rufi ya faɗo maka a ka. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba, da su nake cin abinci a ofis yau. Hanyar da ya bi ya cusa mana su ce har yanzu take tayar mini da zuciya.

Wata rana ya zo da muƙamuƙin saniya daga mayanka, ko wankewa ba a yi ba, ya zura masa igiyar leda. Doka ita ce, duk wanda aka ji ya saka in a gurbin on, ko ya yi Hausa, ko Birom, ko Yarbanci, ko Turancin burokin, a cikin aji ne ko a bakin get, to a rataya masa. Ba ka rabuwa da shi sai ka kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala a gaban kowa, gobe kuma ya fara da shi.

Ka ga ƙazanta! Ƙudaje su bi ka har aji, gaban rigarka ya yi jirwaye, in ka zo cin biredi ka ji kamar mushe kake tauna. Amma abin da ƙashin ya mayar da mu ya fi warinsa muni. Mai ƙashi ba ya jin karatu, kunne yake kasawa. Ƙawarka da kuke raba gyaɗa za ta lallaɓo ta mintsine ka don ka ce wayyo, domin Ankul ya yanke hukunci cewa wayyo ma Hausa ce. Muka koyi yin shiru, muka koyi zargin juna. Tir da wannan tarbiyya.

Yayata tana aji shida a shekarar. Kakarmu ta wajen uba ce ta yaye ta, ɗaki ɗaya suke kwana, mazubi ɗaya suke ci. Kaka ta zo Jos tana amarya tun zamanin haƙar kuza, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma a wurinta yaron da bai iya gaisuwa ba ko ya haddace duniya banza ne. Yaya kuwa akwai ƙoƙari, sai dai bakinta ba ya zama, don haka ƙashin ya saba da wuyanta. Har hedimasta ya kira ta gaban asambili ya ce in aka sake rataya mata, ba zai saka sunanta cikin masu jarrabawar shiga sakandare ba. Babanmu tela ne, ba shi da halin a maimaita aji, kuma Yaya ta san haka. Daga ranar ta ɗinke bakinta. A gida ma sai ka ji tana wanke-wanke tana ƙus-ƙus: depend on, belong to, tired of.

Rannan muka fito a gurguje muka manta abincinmu. An kwana ana ruwa har da ƙanƙara, hanya duk ta caɓe. Da aka fita cin abinci sai ga Kaka a bakin get, ta tako tun daga gida don ba ta yarda da acaba ba, silifas ɗinta sun yi nauyi da jan laka, tana rungume da kular gwaten acca a cikin mayafi don kada ya huce. Muka ruga wurinta. Yarinyar da ƙashin ke wuyanta a ranar ta biyo mu a hankali, ta tsaya a bayan Yaya.

Ni dai baki ne ya riga ni, ba jarumta ba. Na durƙusa na ce, “Sannu da zuwa, Kaka.” Kafin in miƙe na ji igiya a wuyana, haƙoran saniya sun bugi ƙirjina. Amma yanzu ni ce mai ƙashi, kuma yara sun taru, ga monita yana kallo. In Yaya ta yi Hausa, dole in rataya mata da hannuna.

Kaka ta yamutsa fuska. Ta dubi Yaya ta ce, “Ke, wane irin mushe ne wannan aka sa wa ƙanwarki?”

Yaya ta sunkuyar da kai.

“Da ke nake. Ba gaisuwa, ba amsa?”

In Yaya ta amsa da Turanci, zagi ne a kunnen Kaka. In ta amsa da Hausa, jarrabawa ta tafi. Ta tsaya ƙiƙam, hawaye suna sauka a kan suwaitarta. Wata Bayarabiya mai suyar fanke a gefen get ce ta ji tausayi ta sa baki da irin Hausarta: “Mama, yi haƙuri, ba laifinsa ba. Idan ya yi Hausa za a sa masa wannan ƙashi, kuma ba zai rubuta jarrabawa ba.”

Kaka ta daɗe tana kallon ƙashin. Ba ta yi faɗa ba, ba ta nemi ganin kowa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye kular a ƙasa, ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a,” ta juya cikin lakar nan. Ranar ni na sha bulala, gwaten kuwa ba wanda ya iya kai shi baki.

Mun zaci fushi za ta yi, ashe tsoro ta kwasa. Daga ranar, in ta hango Yaya a hanya da kayan makaranta sai ta kau da kai kamar ba ta san ta ba. A gida ma ba ta ce mata uffan sai ta tuɓe yunifom. Yaya ta yi bayani har ta gaji, cewa dokar ba ta wuce get ba. Kaka ta ce a'a, ita ba za ta ja wa jikarta asara ba.

Yaya ta ci jarrabawa, ta tafi makarantar kwana ta wajen Kuru. Tana can jikin Kaka ya yi tsanani, tunaninta ya fara rikicewa. Aka je aka ɗauko Yaya, ta shigo ɗakin da yunifom ɗinta, ta durƙusa a bakin gado tana kuka tana jero gaisuwa, duk wadda ta haɗiye a bakin get da ƙari. Kaka ba ta amsa ko ɗaya ba. Bayan Yaya take leƙawa, tana neman mai ƙashi. Can ta kamo hannunta ta raɗa mata, “Yi shiru, 'yar nan, kada su ji ki.”

Yanzu an rushe makarantar, shagunan sayar da waya ne a wurin, kuma ban ji ana rataya wa kowa ƙashi ba. Yaranmu sun fi mu iya on da at nesa ba kusa ba. Amma ranar sallar da ta wuce na ga ɗan maƙwabcinmu tsaye a gaban kakarsa, tana ta yi masa sannu yana kallonta, bai san me zai ce ba. Na duba bayansa, ba kowa, ba igiya. Sai da na fita waje na tofar da yawu.