Faransancin Kawu da Kunamun Tafki

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni, bayan wani shagon gyaran firji, kuma har na yi aure ruwa biyu na sani: na teku da na gora. Sai maigidana, mai aikin walda a unguwar masana'antu ta Jidda, ya samu aiki a wani kamfanin gas a Luwiziyana ta ƙasar Amurka, a wani gari na bakin tafki. Ya riga ni tafiya. Ranar da ya bugo ya ce mutanen garin Kajun ake ce musu, kuma tsofaffinsu har yanzu suna jefa Faransanci cikin hira, Inna ta ce halas, ba za a kai mata 'ya inda za ta zama kurma ba. Ta aika a kira Kawu.

Kawu ɗan'uwan Inna ne daga Maraɗi. Umra ya zo tun ina goye, har yau bai yi ɗawafin bankwana ba. Sati uku yana zuwa bayan la'asar, ya shanye mana shayi, ya koya mini Faransanci. Wadda ya fi matsa mini a kanta ita ce gaisuwar manya.

"Ki ce: Areti! Bo fafiye! Da ƙarfi, 'yata. Ba a faɗinta da sanyin murya."

Kwana biyu da saukata, ina shara a ƙofar gida, sai ga maƙwabciyarmu, wata tsohuwa gajeriya mai farin gashi, ta nufo ni da babbar tukunya, tsofaffin jaridu a hammata. Na ajiye tsintsiya, na gyara mayafi, na daka mata gaisuwar Kawu.

Matar ta tsaya cak. Ta dube ni, ta dubi hammatarta, sannan a hankali ta miƙo mini jaridun. Na karɓa hannu biyu ina murmushi, a zuciyata ina sa wa Kawu albarka. Ita kuwa ta dire tukunya ta kama dariya har da riƙe ciki. Da maigidana ya fito, ta yi masa bayani da Turanci, shi ma sai da ya zauna a kan dakali.

"Kin san abin da kika ce mata?" in ji shi. "Tsaya, kawo takardunki!"

Nan take na kira Jidda ta bidiyo. Kawu na gidan, da kofi a hannu. Ko gezau bai yi ba.

"To ni direba ne, a bakin jandarmomi masu tsare hanya na koya. Kuma duk wanda ya faɗa mini ita, sai na sauko daga mota na rusuna. In ba gaisuwar manya ba ce, mece ce?"

Kafin in ba shi amsa, tsohuwa ta shimfiɗa jaridun a kan teburin waje ta juye tukunya. Wasu jajayen halittu suka zubo tuli guda, masu ƙaho da ƙafafu, haɗe da masara da dankali. Ta riga ta gaya wa maigidana cewa saboda mu ba ta sa naman alade ba. Na juya wayar don su gani.

"Ya satir!" in ji Inna. "Kunamu! Ya binti, yalla, haɗa kayanki ki dawo!"

"Jatan lande ne," in ji Kawu, "ya dai yi fushi ne."

Tsohuwa ta nuna mini yadda ake murɗe kai a zare naman wutsiya. Na rufe ido na yi bismilla. Ni da na tashi da kifin Jidda da shatta mai yaji, sai ga hawaye har haɓa, ina tari, hannuna kuma ya riga ya koma ɗauko na biyu.

Hawayen nan ne suka ɓata wa Inna rai. Wai wace ce wannan da yajinta zai sa 'yarta kuka, alhali nata bai taɓa sa ni ba? Ta tashi ta ɗauko kwalbar yajinta ta kara a jikin waya. Tsohuwa ta leƙa, ta ɗaga yatsa alamar a jira ta, ta ruga gida ta dawo da gwangwaninta. Inna na Hausa da Larabci, ita tana nata yaren, kowa na zazzaga garin yajinsa a tafin hannu yana nuna wa ɗaya. Ni ce mai riƙe waya har hannuna ya yi tsami. Ko da suka gaji suka yi sallama, na waiwaya, maigidana ya cinye rabin tulin, ya bar mini ɓawo da masara biyu.