Guɗar Mama Rifkatu a Cikin Gyale

Ina gona ina karyar masara da safen nan ƙanwata ta kira ni a waya. Wai Mama Rifkatu ta huta, a asibiti a Funtua.

Na zauna a kan kunya.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce mai guɗar cocinmu, can ƙauyenmu bayan Maska. Ba muƙami ba ne, ba wanda ya naɗa ta. Amma ranar Kirsimeti, ranar godiyar kaka, ranar aure ko suna, matan zumuntar coci ba sa ɗaga ƙafa sai ta kama hanci ta rangaɗa. Har Hajiya Binta maƙwabciyarta aikowa take a ɗauko ta in za ta aurar da 'ya.

Bayan Kirsimetin nan za a ɗaura aurena da Saratu. Mama ce za ta yi mana guɗa.

Ni karatuna a firamare ya tsaya. Akwai shekarar da na zo na ƙarshe a aji. Ranar hutu hedimasta yana kiran sunaye gaban iyaye, da ya zo kaina yara suka fara dariya. Sai guɗa ta tashi daga baya, irin wadda Mama ta yi wa na ɗaya, ba ragi. Da aka tambaye ta, ta ce yaron da ya tako tun daga rafi kullum ba fashi, ai shi ma ya ci wani abu.

Ranar na koma gida da kaina a sama.

Haka take. Masarar fari ta nuna, guɗa. Akuya ta haifi biyu, guɗa. Marigayi mijinta yakan ce ko miya ce ta yi daɗi sai unguwa ta ji labari. Ita kuma ta ce murna kamar noma take, in ka bar ta shekara guda ciyawa ta cinye.

Sai mutanen daji suka matso kusa da mu.

Dattawan coci suka zauna suka ce a ajiye ganga, a kashe lasifika, a daina guɗa, don ƙara tana kaiwa nesa, kada a ji a ce muna da wani abu. Ban ga laifinsu ba. Sujada ta koma ta sassafe, a yi waƙa ƙasa-ƙasa, kowa ya kama hanya. Gidaje da yawa sun tashi, wasu Zariya, wasu Kaduna.

Mama ba ta yi musu da kowa ba. Amma na lura da ita. In aka yi baftisma ko aka kawo jariri gaban fasto, sai ta cusa fuska cikin gyale, kafaɗunta na rawa. Baƙo zai ɗauka kuka take. Mu da ke kusa muna jin ta, siririya kamar kukan sauro. Guɗarta take yi.

Ganina da ita na ƙarshe, ni na kai ta Funtua a mashin, numfashinta na sama-sama. A hanya ta tambayi shirin biki. Na gaya mata yadda dattawa suka tsara: da safe, ba kiɗa, kafin rana ta yi tsaka kowa ya watse.

Ta dungure min ƙeya.

"Kai Ishaya, aure za ka yi ko satar kaza? Ranar nan ba gyale. In sun ji, su zo su ci shinkafa."

Na yi dariya har mashin ya so ƙwace min. Ban san rabona da irin wannan dariya ba.

Gobe za a kawo ta gida. A wajenmu in tsohuwa ta rasu cikin bangaskiya, da waƙa da guɗa ake raka ta. Ɗazu na je wurin fasto na tambaya ko za a yi mata. Ya ce ko an yarda, wa zai yi? Matan da suka iya duk sun tashi. Na tambayi Saratu, ta ce ta gwada a ɗaki, muryar ta ƙi fita.

Matar da ta yi wa kowa, ita za a kai shiru. Namu auren ma haka zai wuce, na riga na sani. 'Ya'yan ƙanwata ba su taɓa jin guɗa a coci ba, kuma ba su san an rage musu komai ba.

Ya Ubangiji Yesu, ka karɓi baiwarka Rifkatu, ka kai ta inda ba mai ce mata ta rage murya.

Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, don Allah ya sa ta a addu'a. Mu ma ku roƙa mana kada mu saba da shirun nan, don ni dai na ga mun fara sabawa.