Makonni Uku a Bakin Injin Motar Baba

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasar nan har muka ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba, ina aikin akawu a wata ma'aikata a Kaduna. Aka yi mana ƙarin albashi, aka haɗa na watanni aka danƙa mana a dunƙule. Abokan aikina wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset, wani ma agogo biyu ya saya yana ɗaura su hannu ɗaya. Ni kuwa sai na ɗauki hutun makonni uku na nufi gida Faskari, da niyyar in tayar da motar mahaifina.

Mahaifina tsohon direba ne. Ya yi shekaru yana tuƙa wani Bature mai sayen auduga, suna zagaya kasuwannin Sheme da Sabuwa da Ƙanƙara da motar aiki. Amma Baturen yana da wata tasa ta ƙashin kansa, 'yar Ingila, koriya, ƙofa biyu, kujera biyu, hancinta ya fi rabin jikinta tsawo saboda girman injin. Silinda shida gare ta, a jere. Ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai Baba. Da zai koma ƙasarsu ya ga ɗaukarta wahala ne, sai ya miƙa wa Baba makulli ya ce ya riƙe.

Motar ba ta dace da hanyoyinmu ba ko kaɗan. Cikinta kusan a ƙasa yake, ko buhun dawa ɗaya ba shi da wurin zama. Duk da haka Baba ya yi shekaru yana lallaɓa ta, abin da ya lalace ya gyara da hannunsa. Rannan yana alwalar la'asar ya faɗi. Da aka ɗaga shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Tun daga ranar motar ke tsaye a ƙarƙashin rumfar kara a ƙofar gidanmu, shekara huɗu, kaji na ƙwai a kan kujerarta.

Ni ba makanike ba ne. Iyakar sanina shi ne ofishinmu yana kallon garejin ma'aikata, kullum ina leƙen masu gyara ta taga, har na fara jin cewa ni ma na iya. Kafin in baro Kaduna na je kasuwar kayan mota na cika kwali biyu: fulogai sababbi, wayoyinsu jajaye masu sheƙi, fambel, tiyon ruwa, batir, sifanu jeri guda, sanfefa, da gwangwanin fenti. Na iso gida da wando mai faɗin ƙafa da tabarau, ina jin kaina kamar injiniya.

Da na durƙusa na gaida Baba na gaya masa abin da ya kawo ni, sai na ga gefen bakinsa mai rai ya motsa. Ya ɗaga hannun hagu ya dafa kaina. Mahaifiyata, da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce daga bakin ƙofa, "Kai, ka dai bi ta a hankali. Ba ta saba da hannun kowa ba sai nashi."

Washegari da hantsi na ɗaga bonet. Abin da na gani ya kusa sa in mayar in rufe. Ɓeraye sun yi gida a bayan injin, zanzaro ya gina ɗakuna a jikin kafiretoci, tsatsa ta ci wurin zaman batir har ana hango ƙasa. Baƙin mai da ƙura sun haɗu sun zama kamar kwalta. Ga kuma gyare-gyaren Baba ko'ina: nan ya ɗaure tiyo da waya, can ya yanko gwangwanin madara ya toshe wata kafa, wayoyin fulogi kowace ya ɗaura mata zare mai launi daban. Na dubi zaren nan na yi dariya a raina, na ce aikin mutanen da. Na kama wayoyin shida na fizge su gaba ɗaya na jefa cikin kwandon shara.

Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfar, aka jingina shi da bango. Kullum da safe ƙanena da wani maƙwabcinmu su tallabo shi su zaunar, ya wuni yana kallona.

In faɗi gaskiya, aikin ya yi mini daɗi da farko. Na kwance lagireto na wanke shi har ruwan ya fito fari. Na ciro kafiretocin na jiƙa su a kananzir, na bi kowace kafa da tsinke. Na kwana uku ina kankare tsatsa da sanfefa, yatsuna suka yi kanta, farcena ya yi baƙi. Wurin batir da ya huje na kai wa mai walda a Funtuwa ya yanko mini sabon faranti. Sannan na shafe bangon ɗakin injin da fenti kore, na goge murfin injin da toka da tsumma har ina ganin fuskata a ciki. Mutane suka fara tsayawa in za su kasuwa. Wani ya ce, "Lallai boko ya yi rana." Kaina ya ƙara girma.

Ranar da na zo saka sababbin wayoyin fulogi ne Baba ya fara magana. Akwai wani ɗan kwano mai ramuka shida da ke raba wa fulogai wuta, makanikai na ce masa dilko. Na ɗauki wayar silinda ta farko na cusa a rami na farko, ta biyu a na biyu, haka har shida, tsaf kamar yadda nake jera fayil a ofis. Sai na ji murya a bayana.

"Ɗaya... biyar... uku..."

Na waiga. Baba ne, ya ɗago hannun hagu yana nuna motar, miyau na zuba ta gefen bakinsa. Kalmomin da ƙyar suke fita. Ya kai uku sai harshen ya liƙe, ya yi ta kokawa da harafin gaba, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya kasa. Ya numfasa ya sake farawa. "Ɗaya... biyar..."

A lokacin akwai abokaina biyu tsaye, waɗanda muka yi firamare tare, sun zo kallo. Na ji kunya ta kama ni. Na ɗauka ciwon ya fara taɓa masa hankali, yana ƙirga kamar yaro. Na matsa kusa na goge masa baki da gefen rawaninsa, na ce da muryar lallashi, "Baba, bayan ɗaya ai biyu ne. Ɗaya, biyu, uku."

Ya dube ni. Har yau ban sami sunan da zan ba kallon nan ba. Ba fushi ba ne. Ya girgiza kai, ya sake buɗe baki, ni kuma na juya na ce wa ƙanena warin fetur na damun Baba, a mayar da shi ciki. Suka tallabe shi. Yana ta ƙoƙarin waiwayowa har suka shige zaure.

Da yamma na zuba mai, na haɗa batir, na murɗa makulli. Injin ya juya, ya yi tari sau biyu kamar zai kama, sai ya buga wata ƙara ta salansa kamar bindiga, awakin unguwa suka watse. Na sake. Haka. Na sake har batir ya mutu.

Kwana shida na yi ina wannan fama. Na kai batir caji Funtuwa sau biyu a bayan akori-kura. Na sake kwance kafiretoci, na canza fetur na ce ko da ruwa a ciki, na zargi mai kantin Kaduna da sayar mini da jabun fulogi. Masu tsayawa kallo suka ragu, waɗanda suka rage kuma dariya ke kawo su. Baba bai sake fitowa ba, don na hana. Amma ɗakinsa na jikin zaure, duk bugun da motar ta yi yana ji. In na shiga gaishe shi sai ya kama hannuna ya fara, "Ɗaya..." ni kuma in ce, "To Baba, Allah ya ƙara sauƙi," in zare hannuna.

Ana jibi zan koma, mahaifiyata ta tare ni ina wanke hannu da kananzir.

"Kai, mi zai hana ka zauna ka bari ya ƙarasa abin da yake son faɗi?"

Na ce, "Inna, ƙirga ce kawai yake yi. Ciwon ne."

Ta ce, "Shekara huɗu ina jinyar bawan Allahn nan, ban taɓa jin ya yi ƙirga ba sai da ka taɓa motar ga."

Na ce mata in na dawo hutun Sallah zan zo da makanike na gaske daga Kaduna. Ta dube ni kawai ta ɗauki tulunta. Na rufe bonet, na lulluɓe motar da tamfol, na yi wa Baba sallama. Ranar bai yi ƙirgar ba. Ya dai riƙe hannuna ya daɗe.

Damina ta yi nisa, ana noman biyu, aka aiko mini ofis cewa in zo gida. Kafin in sami mota in iso, an riga an kai Baba makwancinsa.

Bayan addu'ar arba'in wani tsoho ya zo mana gaisuwa daga Ƙanƙara. Aminin Baba ne, tsohon makanike, tare suka yi aiki wurin Baturen. Yana kudu lokacin rasuwar, bai ji ba sai da ya dawo. Da ya gama addu'a zai tafi sai idonsa ya faɗa kan tamfol. Ya ce, "Ita ce wannan?" Na ce ita ce. Na ba shi labarin gyaran da na yi da yadda ta ƙi tashi, amma ban faɗi sauran ba.

Ya ce in buɗe. Na ɗaga bonet, fenti na ta ƙyalli. Ya ce, "Ma sha Allah, ka sha aiki." Ya sunkuya, ya bi jajayen wayoyin nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko minti biyu bai yi ba ya ɗago.

"Wa ya jera maka wayoyin ga?"

Na ce ni ne.

"Ai ba a jere wuta ke bin su ba, ɗana. Mai silinda shida tsallake take yi." Ya fara cirewa yana mayarwa, yana faɗi a hankali kamar mai karanta abin da ya haddace tun yana yaro. "Ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu. Mahaifinka ne ma ya koya mini. Har zare yake ɗaura musu don kada a rikita. Bai gaya maka ba?"

Na zauna a gindin bangon da ake jingina Baba. Tsohon ya ɗauka rasuwar ce ta dawo mini sabuwa, ya yi ta ba ni haƙuri.

Muka aro batir wurin wani direban lori. Tsohon ya ɗan taɓa dilko, ya zuba fetur kaɗan a bakin kafireto, ya ce in murɗa. Bugu ɗaya ta tashi. Wata irin murya mai kauri, a daidaite, har karan rumfar na rawa. Yara suka sheƙo daga ko'ina.

Sai na ga labulen zaure ya motsa. Mahaifiyata ce, tana cikin takaba ba ta fita, ta tsaya daga ciki, ludayi a hannunta. Ta ɗan jima tana saurare. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Kashe ta."

Na kashe.

Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa Inna na cikin dama fura ta ji ƙarar, ta miƙe zumbur ta nufi randa za ta ɗebo ruwan wanka, don shekara da shekaru da wannan ƙarar take gane Baba ya dawo daga tafiya. Sai da ta kai bakin randar ta tuna.

Ban taɓa tuƙa motar ba. Bayan an raba gado na roƙi 'yan'uwana muka bar wa tsohon nan ita, ya zo ya tafi da ita Ƙanƙara. Ban tambayi abin da ta zama ba. Na daɗe kafin in gaya wa mahaifiyata abin da ƙirgar take nufi. Da na gaya mata ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ita ma ba ta san ma'anarta ba, ta dai san mijinta bai zauce ba.

Mutane kan ce mini ƙuruciya ce, kuma niyyata mai kyau ce. Na yarda niyyar ba ta da laifi. Amma na san abin da ya sa ban saurare shi ba, kuma ba rashin sani kaɗai ba ne. Ina son in zo in ba shi mamaki, in zama ni ne na yi, shi kuma ya zauna ya gode. Ban bar masa wurin da zai ba ni komai ba. Mutumin da ciwo ya ƙwace wa hannu da ƙafa da sana'a, abu ɗaya ya rage masa wanda ya fi kowa a garin sani, ya yi ta miƙo mini shi da rabin harshe har kwana shida.

Yanzu na girmi Baba a shekarun da ya rasu. Na yi masa sadaka iyakar ƙarfina, na je masa aikin Hajji, kuma ina kyautata zaton ya yafe mini tun kafin in fita daga ɗakinsa, don haka halinsa yake. Ni ne dai ban gama da kaina ba. Wanda ya karanta wannan har ƙarshe, in ya ɗaga hannu yana yi wa nasa iyayen addu'a, don Allah ya sa da wani tsohon direba na Faskari.