Gurbin Igiya a Rijiyar Zango

A tsohon zangon ayari, gabas da Gure, turakun hanyar mota da muke kafawa sun bi ta kan wata matacciyar rijiya. Gobe za a farfasa duwatsun bakinta a yi ciko. Na ƙirga su tun da safe: arba'in da uku, cikon taku shida na hanya ke nan.

Yanzu ga wani tsoho tsugune a kansu. Dogo ne, ramamme, da tsagar Barebari a kumatu, rawaninsa ya koɗe. Tafin hannunsa duk kanta, irin ta mai jan guga. Yana bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana sa yatsa cikin kwarmin da igiya ta ci a jikinsu. Ina jin ya shayar da raƙuman gishiri a nan tun kafin zuwan Nasara.

Na ce, "Baba, rijiyar ta ƙafe, gobe ma za a fasa duwatsun. Mota kuma yini ɗaya za ta yi zuwa Damagaram, ba kwana shida ba."

"Na ji, ɗana," in ji shi. "Amma kowane gida da gurbin igiyarsa. Namu nake nema."

A kan dutse na goma sha tara ya tsaya. Sau uku yana gwada ɗaga shi, dutsen ko motsi. Sai ya warware rawani, ya share ƙasar da ke cikin kwarmin tsaf, sannan ya dube ni.

"Goben nan, da hantsi ne ko bayan azahar?"