Minti Goma da Na Roƙar wa Rabi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar matata Rabi a Kuala Lumpur, inda na je karatun digiri na uku.

Akwai wani gida kusa da tafkin Titiwangsa da aka keɓe wa zane-zanen wani marigayin mai zane. Irin zanen nan ne mai kama da mafarki: kujeru suna kiwo kamar shanu, jirgin ruwa a cikin kofin shayi. Rabi ta gani a waya, ta ƙwallafa rai sai na kai ta. Ni kuwa kullum amsata ɗaya ce: bari na gama wannan babin. Ban gama ba aka sa dokar kulle.

Korona ta kama ta, aka kwantar da ita, aka hana ni shiga. Ba ni da abin da zan iya yi mata. Rana ta shida na kasa zaman gida, na nufi Titiwangsa ban ma san ko 'yan sanda za su tare ni ba. Gidan a rufe. Na yi ta bugun ƙofa har wani dattijo mai gadi ya leƙo, ya ce ba a shiga. Na nuna masa hotonta da robar oksijin a hanci. Na durƙusa a bakin ƙofar, ni da ban taɓa roƙon kowa ba a ƙasar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Boleh," wato ya yarda. "Minti goma." Ya buɗe.

Na kira ta ta bidiyo, ina bin bango da waya. A gaban zanen wata mata da ke shanya gajimare a kan igiya, Rabi ta ɗaga yatsa.

"Baban Ummi, tsaya nan," ta ce da kyar.

A nan minti goman ya ƙare. Sauran ɗakunan ba ta gani ba. Bayan kwana uku Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu an buɗe ko'ina, mutane sun ajiye takunkumi. Da tana nan, na san ba za ta yi mini gori ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Jiya 'yarmu Ummi ta kawo mini akuya mai tayoyi da ta zana. Har na buɗe baki zan gyara mata, sai na rufe kwamfutar da nake aiki a kai, na tambaye ta ina akuyar za ta.

Allah ya jiƙan Rabi.