Farin Fenti a Ɗakinmu na Badarawa

Ɗaki ɗaya muka kama a Badarawa lokacin mulkin soja, ni da baban yara da yara uku. Bangon, daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, shuɗi ne mai duhu, fentin mai. Ko da rana na shiga sai in ji kamar yana matsowa.

Maƙwabciyata, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, ita ta kawo shawara. Ta ce a Unguwar Rimi, unguwar masu hali, ta ga ɗakunan da ba su fi namu ba, farin fenti ne ya buɗe su. A shafe har silin, kada a bar layi. Na daɗe ina juya maganar, ko warin zai taɓa ƙirjin autata, ko mai gidan zai yi faɗa. Na matsa wa baban yara ya nemi izini. Mai gidan ya ce mu shafa sama, mu bar ƙasan yadda yake. Baban yara ya ce tsoho ne kawai ba ya son canji. Ya sayo fentin ruwa a Babbar Kasuwa, ya kankare shuɗin, ya shafe ko'ina fari fat.

Ɗakin kuwa ya buɗe. Har maƙwabciyata ta leƙo tana tsokanata, wai Hajiya ta koma Unguwar Rimi ba sallama.

Da damina ta kankama, sai tabo ya fito a gindin bangon gabas, inda yara ke kwana. Launinsa ruwan ƙasa ne, kamar an zubar da shayi. Na goge bai fita ba. Da farko ya tsaya a idon sawun autata, bayan kwanaki ya kai gwiwarta. Na zagaya baya na ga kwatar gidajen lungun tana bin gindin bangon. Baban yara ya ce ni dai ba na rasa abin damuwa.

Wata safiya na ƙwanƙwasa wurin, ya amsa kamar ganga. Na danna da yatsa, siminti ya ɓare. Bayansa jar ƙasa ce, jiƙaƙƙiya, tana manne wa hannu kamar ƙullu.

Mai gidan ya zo ya duba, bai ko sunkuya ba.

"Ai na ce ku bar shuɗin," in ji shi. "Shi ba ya nuna ruwa."

A ranar na kwashe yaran zuwa gidan yayata a Rigachikun. Muna can baban yara ya samo mana wani ɗakin.

Da na koma ɗaukar tukwanena, an liƙe ramin, an mayar da shuɗin, yana ta ƙyalli. Har an sa sababbin 'yan haya, wani direba daga Katsina da matarsa da tagwayensu. Na tarar tana shimfiɗa musu tabarma a gindin bangon. Na ja ta gefe na faɗa mata duk abin da na gani. Ta shafa bangon da tafin hannu, ta nuna mini, a bushe.

"To Yaya, ina zan sa su? Gado ya cinye wancan gefen."

Na roƙe ta ko juya gadon su yi. Ta ce sai maigidanta ya dawo daga Legas. Na fito da tukwanena a ka, hadari yana haɗowa daga gabas.