Rabi Ya Ishe Ki

Duk layin Yaya Babba ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ta riƙe ƙannenta bayan rasuwar iyayensu, da albashin kuku a makarantar kwana, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana zuba wa 'ya'yan mutane abinci a kan dogayen tebura, ita kuma ta ci nata a tsaye bakin murhu. Ƙannen suka girma, kowa ya kama gabansa, amma ba wanda ya manta hanyar gidanta in yana neman abu. Dutsen guga, fanka, babbar tukunya, kujerun roba, duk sun fita da sunan aro. An ce kayan aro ba ya rufe katara, to na Yaya Babba ya rufe ta dangi kaf. Tebur biyu ta taɓa saya. Ɗaya yana shagon ƙanwarta, ɗaya Auta ya ɗauka na kwana biyu, har yau kwana biyun ba su cika ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai, ba sa zama. Mutum zai shigo da takalmi a ƙafa, ya gaishe ta a tsaitsaye, idonsa na yawo a ɗaki.

Da ta yi ritaya sai ta sayo falankai masu kauri don ta yi tebur da hannunta, ta sa aka jibge mata su a tsakiyar falo. Ta ari zarto da guduma wajen kafintan da ke maƙwabtaka da ita. Ya leƙo, ya dubi katakon, ya dubi siririyar barandar da ta yi kwana kafin a kai ƙofar waje.

"Yaya Babba, ki haɗa shi da noti mana, yadda za a iya kwancewa. In kika yi shi da wannan tsawon a nan ciki, ko aljani ba zai fitar da shi ba."

"Shi nake so," ta ce.

Ba ta iya aikin ba, fushi ne ya koya mata. Yankan farko ya karkace, ta zagi zarton tas, ta sake. Ta doki babban yatsanta har farcen ya yi baƙi. Ta jera falankan saman, ta shafa gam a tsakaninsu, ta ɗaure da igiyar shanya, ta danne da bokitan ruwa. Ƙafafu ta yi su kamar turame, ta haɗe su da gungumen katako ta ƙasa, ta bi kowace gaɓa da gam da ƙusa. Ta goge shi da samfefa har tafin hannunta ya saɓule, garin katako ya shiga mata shayi, ya shiga gado. Da ta shafa masa mai ya fito jawur, mai cin mutum takwas a sake, ta ja kujera ta zauna a kansa ta ci abinci. Ta aika wa ƙannen duka su zo cin abincin rana ranar hutu. Kowa ya kawo uzuri.

Ana nan aka yi mata aikin ido, aka riƙe ta a asibiti. Auta ta ba makulli, don ya riƙa zuba wa shukokinta ruwa.

Ranar da ta dawo, tun daga baranda ta ji garin katako a ƙarƙashin takalminta. Ta shiga falo da bandeji a ido ɗaya, ɗayan ya nuna mata abin da ya sa ta gwammace da shi ma a rufe yake. An yanke teburin gida biyu. Rabi ya tafi. Rabin da ya rage yana tsaye da ƙafa biyu, an tokare bakin yankan da bulo, yankan ma a karkace, irin na mai sauri.

Auta na bayanta riƙe da jakar magunguna, yana murmushin da ya saba ci da shi tun yana goye a bayanta.

"Wallahi Yaya matsuwa ce. Na buɗe wurin sayar da abinci, ba abin da mutane za su zauna a kai. Mun juya shi ta ko'ina ya ƙi fita. Kuma na ga ai ke kaɗai ce, rabi ya ishe ki."

Ba yankan ne ya fi yi mata ciwo ba, wannan maganar ce. Ta juyo ta dube shi.

"Ka san dalilin da ya sa na yi shi ya fi ƙarfin ƙofa?"

"Don kada a ara," ya ce, yana sosa ƙeya.

"Don duk mai sonsa ya zo ya zauna. Ajiye min makullina."

Ya ajiye, ya fara ba da haƙuri, wai zai sa a haɗa mata da an samu sarari. Ba ta saurare shi ba. Ta shure bulon, ta kama rabin da ya rage ta ja, likita kuwa ya hana ta ɗaukar ko bokiti. Rabin teburin ya bi barandar sumul, ya sha kwanar ba gardama, har bakin titi.

"Kwashe, ka cika aronka," ta ce, ta maida ƙofa ta murza makulli.

Tun daga ranar ko cokali bai sake fita daga gidan ba, dangi suna ta cewa tsufa ya sa Yaya Babba rowa. Ta mayar wa kafinta zartonsa da gudumarsa a goge. Ya ce yana da ragowar katako, in tana so ya yi mata ɗan ƙarami na mutum ɗaya. Ta ce ya bar shi, ta saba ci a tsaye.